Kwana shida a kujerar zamiya kan dusar ƙanƙara: abin da na samu da abin da ya ɓata min rai

Shekara tara ke nan da hatsarin mota ya taɓa min laka a daidai gaɓar da likitoci ke rubutawa T12. Hannuwana da ƙirjina da mafi yawan cikina lafiya lau suke, amma daga mara zuwa ƙasa ko allura aka soka min ba na ji. Na fara da wannan ne saboda duk abin da zan faɗa a kan darasin zamiya a zaune a kansa ya rataya. Wanda rauninsa ya fi nawa sama, ko mai shan inna, ko wanda aka yanke wa ƙafa, abin da zai tarar ba lalle ya zama irin nawa ba.

Ƙanena ne ya matsa mu je. Shi ya nemo makarantar, wata da ke gindin wani tsauni, wadda ke da sashen masu buƙata ta musamman, ya kama mana darasin kwana shida, awa biyu kowace safiya. Takardar da suka aiko mu cike ta burge ni. Sun tambayi nauyina da tsayina, inda raunin yake, ko ina iya zama ba tare da jingina ba, ko ƙafafuna suna zabura da kansu, irin magungunan da nake sha, ko na taɓa yin gyambon zama. Na ce lalle waɗannan sun san aikinsu. Sai dai da muka isa na gane cewa wanda ya tsara takardar daban, wanda ya karɓe mu daban, kuma na biyun bai ko buɗe ta ba.

Ranar farko aka ɗora ni a kujera mai katako biyu a ƙasa, wadda suke kira baisiki. Kujera ce mai kusa da ƙasa, ba ta saurin kifewa, tana da maɗauri a baya inda malami ke riƙewa. Malamin saurayi ne mai fara'a, ba zan ce ya wulaƙanta ni da gangan ba. Amma tun daga gaisuwa har muka rabu, ƙanena yake yi wa magana. "Yana jin sanyi? Zai iya ɗaga hannu? Yana so mu ƙara zagaye ɗaya?" Ga ni zaune a gabansa, ina jin kowace kalma. Sau biyu ƙanena yana ce masa, "Ga shi nan, tambaye shi mana." Sai ya yi murmushi ya tambaye ni sau ɗaya, ya koma gidan jiya.

Ya gangaro da ni sau huɗu. Iska tana dukan fuskata, tsaunuka fari fat ta ko'ina, gudun kuma ya fi duk wanda na taɓa yi a kekena. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Amma da muka koma masauki sai na ji wani abu ya tsaya min a ƙirji. Ƙanena ya ce, "Yaya, lafiya? Na ga ka yi shiru." Na ce masa yau ban koyi komai ba, kaya aka ɗauka aka kai sama aka sauko da shi. Wanda ya shekara tara ana ɗaga shi ana ajiyewa ya san bambancin a kai ka wuri da ka kai kanka.

Ba ina kushe irin wannan yawon ba ne. Akwai mutanen da hannunsu ba ya riƙo, ko wuyansu ba ya tsayawa, ko yaran da ba za su iya bin umarni ba, kuma don su aka ƙera kujerar da malami ke tuƙawa yana tsaye a baya. Alheri ne babba a ce irin waɗannan ma sun hau dutse. Laifin makarantar shi ne ta sayar min da darasi ta ba ni yawo, ba tare da ta tambaye ni wanne nake so ba. Duk wanda zai je, wannan ita ce tambayar da zai fara yi musu tun a waya: koya min za ku yi, ko zagayawa da ni za ku yi?

Washegari na je ofishinsu da kaina na faɗi haka. A nan zan yaba musu, ba su yi gardama ba. Suka ce malamar da ta fi ƙwarewa a wannan fanni tana da aiki ranar, amma jibi za ta karɓe ni. A ranar ta biyu dai da saurayin muka sake fita, ya ba ni sandunan hannu na fara gwada karkata kujerar da kaina yana riƙe da ni. A nan ne aka yi ɓarnar da ta ci min kwana guda cur.

Mazaunin kujerar, wanda masu wasan ke kira bokiti, ya yi min faɗi. Cinyoyina sun rame sosai a shekarun nan, ƙuguna kuma siriri ne, don haka duk lokacin da na karkata sai jikina ya zame cikin bokitin kafin kujerar ta bi ni. Ni ban san haka matsala ba ce, kuma ba na jin gogar. Da daddare, da na ɗauki madubi ina duba fatata kamar yadda na saba kowane dare, sai na ga wani ja a kan ƙashin kwankwasona na hagu, faɗinsa kamar bakin kofi. Na danna shi da yatsa, bai yi fari ba. Duk mai ciwon laka ya san abin da wannan ke nufi: matakin farko ne na gyambon zama, kuma idan aka ci gaba da matsa wurin zai iya zama ramin da zai kwantar da mutum watanni. Ranar ta uku a kwance na yi ta a gefen dama, ina kallon masu zamiya ta taga. Makarantar ba ta mayar min da ranar ba, ba ta kuma ɗaga min ita ba. Har yanzu ina ganin wannan ba daidai ba ne, domin ba ni na zaɓi bokitin ba.

Da jan ya lafa, ranar ta huɗu na haɗu da malamar. Dattijuwa ce mai furfura, fuskarta duk rana ta ƙona. Ta durƙusa a gaban kekena har idonmu ya daidaita, ta ce in ba ta labarin jikina. Na nuna mata inda jan yake. Ta kalli bokitin da aka sa ni a ciki, ta girgiza kai, ta shiga ɗakin ajiya ta fito da wani ƙarami da tarin yankakken soso a hammata.

Kusan minti hamsin muka yi ba mu taɓa dusar ƙanƙara ba. Ta ce mai zamiya a tsaye takalminsa ne ke isar da motsin ƙafarsa zuwa katako, shi ya sa takalmin ke matse shi kam. Mai zamiya a zaune kuwa bokitin ne takalminsa. Idan akwai sarari tsakanin ƙugu da bango, motsin zai ɓace a hanya, fata kuma ta sha guga. Ta cusa soso a gefuna biyu, ta bar gurbi a daidai inda ƙashin ya turo don kada nauyi ya hau wurin. Ta sa na zaro duk abin da ke aljihuna, har da ɗan makullin ɗaki. Ta shafa wandona ta miƙar da duk wata tattara da ke ƙarƙashina. Ta tambaye ni ta ina robar fitsarina ta bi, don kada bel ɗin cinya ya lanƙwasa ta, kuma ta yi tambayar ne kamar mai tambayar lambar takalmi, babu wani ɓoye-ɓoye ko tausayi. Ta ce ga waɗanda rauninsu yake a gaɓar T6, wadda ke can sama da tawa, ko sama da ita, robar da ta toshe ko bel da ya matse fiye da kima na iya sa jini ya hau farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da gumi, kuma malamin da bai san wannan ba bai kamata a ba shi irin waɗannan ɗalibai ba.

Sannan ta mayar da ni kan monosiki, kujera mai katako ɗaya. Ta fi baisiki tsayi, tana tsaye kan ƙarfe guda mai shokazoba irin ta babur, wadda ke yin aikin da gwiwa ke yi wa mai tsaye. Ƙarfen yana shiga maɗaurin katakon kamar yadda takalmi ke shiga. Abin da ta yi daga nan ne ya fi tsaya min a rai. Ta ɗauko wani guntun icce zagayayye kamar muciya, ta sa shi a gicciye a ƙarƙashin katakon, ta ce in zauna yadda zan zauna idan ina gudu. Ta riƙa turo ni gaba kaɗan, baya kaɗan, har sai da katakon ya tsaya kan iccen kamar sikeli, baki bai taɓa ƙasa ba, wutsiya ba ta taɓa ba. Ta duba alamar tsakiya da ke jikin katakon, ta ga nauyina ya koma baya, ta kwance ta matsar da ni gaba kamar faɗin yatsa biyu. Ta ce faɗin yatsa biyun nan shi ne bambancin kujerar da ke jin maganarka da wadda za ku yini kuna kokawa.

Sandunan hannun su ma sai da ta gyara. Kamar sandunan dogarawa na asibiti suke, masu zoben da ke kama damtse, sai dai gajeru ne kuma kowace tana da ɗan ƙaramin katakon zamiya a baki. Akwai igiya siririya a kusa da mariƙin. Idan ka ja ta da yatsa, ɗan katakon ya miƙe tsaye ya zama abin tokarawa, ka tura kanka a fili. Ka sake ja, ya kwanta ya koma mai zamewa. A wutsiyarsa akwai haƙoran ƙarfe da ke karce ƙanƙara idan ka danna, su ne birkin ɗan koyo. Da safar hannu mai kauri jan igiyar nan ya ba ni wahala sosai, yini biyu ina lalube kafin yatsana ya saba.

Koyarwarta ba ta da yawan surutu. Ta ce kai ne ke fara juyawa: kalli inda kake son zuwa, ka buɗe sandar wannan gefen kamar mai tura ƙyaure, kafaɗa za ta bi, ƙugu ya bi, katako ya bi. Katakon siriri ne a tsakiya, mai faɗi a baki da wutsiya, don haka da zarar ya kwanta a gefensa shi da kansa yake yanka hanya a lanƙwashe. Tsayawa kuma ba wani abu ba ne illa ci gaba da juyawa har ka gicciye gangaren. Da farko duk ban yarda ba. Idan gudu ya ƙaru sai in jingina baya in kafa sandunan biyu a ƙasa, kujerar kuwa ta ƙara wuta ta miƙe. Ita tana bayana da ragama biyu da ta ɗaura a jikin kujerar, sai ta ɗan ja ta rage min gudu, ta ce, "Hannu gaba. Tsoro ne ke mayar da kai baya, kuma bayan nan ne ke sa ta gudu."

Na faɗi sau da yawa. Faɗuwar ma sai da aka koya min ita: kada ka miƙa hannu ka tare ƙasa, ka janye sandunan zuwa jikinka, ka bar kafaɗa da gefen bokitin su sha. Ta ce kafaɗun nan su ne ƙafafunka har ƙarshen rayuwa, da su kake tura keke, da su kake hawa gado, kada ka ba da su don gudun faɗuwar da ba ta da zafi. Maganar ta shige ni, domin likitan gashin ƙashina ya sha faɗa min kusan haka.

Hawa dutsen da lilo ake yi, kujeru ne rataye a jikin wayar ƙarfe suna zagayawa. Wannan ne na fi jin tsoro, sai ya zo da sauƙi fiye da zatona. Akwai wani hannu a gefen monosikin da ake zarewa, ka tokara sandunan ka ɗaga jikinka, bokitin ya tashi sama ya bar gurbi a ƙarƙashinsa. Mai kula da lilon ya rage gudu, bencin ya shigo ta ƙarƙashinka, malama da ƙanena su ja ka baya, a maƙala ƙugiyar tsaro a jikin bencin. Ta nuna min wani bel na dabam da ke jikin kujerar, wanda da shi za a zuro mutum ƙasa da igiya idan lilon ya lalace a sama, ta kuma ce in riƙa dubawa da idona cewa yana nan kafin in hau kowace kujerar haya. Ɗagawar nan ce ta sa makarantu da yawa ke da iyakar nauyin ɗalibi, don haka mai jiki ya tambaya kafin ya kama hanya.

A cikin lilon ne take ba ni labari. Ta ce wasan ya samo asali ne daga sojojin da suka rasa ƙafa a Yaƙin Duniya na Biyu, a Jamus da Austiriya, waɗanda suka ɗaura guntayen katako a bakin sandunan dogarawarsu suka koma kan dutse. Gasar Olamfik ta nakasassu ta lokacin sanyi an fara ta ne a 1976 a ƙasar Suwidin, kuma a wancan karon waɗanda aka yanke wa gaɓa ne da masu larurar gani suka fafata, masu zama sai daga baya suka shigo. Yanzu 'yan gasa rukuni uku ne, masu tsaye da masu zama da masu larurar gani. Masu zaman an kasa su LW10 da LW11 da LW12, gwargwadon yadda mutum ke iya sarrafa cikinsa da bayansa, kuma ana daidaita lokacin da kowa ya yi da lissafi don su iya karawa a tsere ɗaya. Da daddare ƙanena ya nuno min bidiyon Josh Dueck, ɗan Kanada, wanda a 2012 ya tashi sama da irin kujerar nan ya yi alkafura ta baya ya dira lafiya, sannan ya ci zinare a gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a birnin Sochi na Rasha a 2014. Na kalla ya fi sau goma. Ba alkafurar nake kallo ba, yadda ƙugunsa da kujerar suka zama abu ɗaya nake kallo, abin da malama ta ɓata minti hamsin tana nema min da soso.

Sanyi kuma sai an yi hattara da shi ta hanyar da mai lafiyar ƙafa ba zai yi tunani ba. Ƙafar da ba ta motsi ba ta samar da ɗumi, kuma ba za ta gaya maka ta daskare ba. Kowane zagaye biyu malama sai ta sa ƙanena ya zura hannu ya taɓa yatsun ƙafata. Ta hana ni sa 'yan jakunkunan nan masu ba da zafi a cikin safa, ta ce fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Hular kwano da tabarau dole ne, man kare fata daga rana ma haka, domin dusar tana mayar da hasken rana fuska ta ƙasa.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba na wajen darasi ne. Daga inda ake ajiye mota zuwa ɗakin kaya akwai 'yar tafiya a kan dusa, ƙananan tayoyin gaban kekena suna nutsewa, sai da ƙanena ya riƙa jana da baya. Banɗakin da keke ke shiga ɗaya ne tak, a can wani gini, kuma rannan mun tarar an jibge kwalaye a ciki. Wurin da ke tallar karɓar masu keke bai kamata a ce sai an roƙi a kwashe kwali ba.

Game da kayan, akwai kamfanonin da suka yi suna a ƙera su, irin su Tessier na Faransa da Praschberger na Austiriya da Nissin na Japan. Shawarata ga ɗan koyo kada ya yi gaggawar saye. Kujerar da ta dace da kai a makon farko ba ita za ka so ba bayan ka iya, kuma tsayin bayan bokitin ma yana canzawa da yadda kake ƙara sarrafa jikinka. Abin da ya cancanci ka zo da shi daga gida shi ne sanin jikinka: awon faɗin ƙugunka, wuraren da fatarka ke saurin ja, da ƙaramin madubi.

Ranar ƙarshe, a saman gangare mafi sauƙi, malama ta zagayo gabana da ragamar a hannu. Ba ta kwance ta a ɓoye ba. Ta ce, "Ina ganin ka isa. In cire, ko mu ƙara ɗaya da ita? Kai za ka faɗa." Na ce ta cire. Ta naɗe ta ta sa a aljihu a kan idona. Na ƙirga juyi goma sha ɗaya kafin in kai ƙasa, na hagu sun fi na dama tsabta, a na bakwai na kusa kifewa na tokara na miƙe. Ba na jin komai sai ƙarar katakon yana yanka dusar da numfashina. Da na gicciye na tsaya, ƙanena ya iso yana haki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, wallahi ban iya cim maka ba." Na kasa ba shi amsa, sai da na ɗaga tabarau na share ido.

Zan koma, kuma wannan makarantar zan koma, amma da sharaɗi a rubuce: malamar nan, da ƙaramin bokitin nan, tun daga ranar farko. Abu biyu suka rage min waɗanda ta rubuta min a bayan katin darasi. Har yanzu idan na faɗi a wuri mai shimfiɗa ba na iya tashi sai an kama ni, kuma ban taɓa hawa lilon ni kaɗai ba. Ta ce na farkon ƙarfin damtse da dabara yake so, ta nuna min motsa jiki uku da zan riƙa yi da robar ja kafin sanyi ya zagayo.